Motar da Ta Tsiro da Dawa

Sai da furfura ta fara leƙowa a gemuna na koyi tuƙi. Ranar da na karɓi rukhsa, wato takardar izinin tuƙi, wanda ya koya mini ya rungume ni yana hawaye. Har yau ban sani ba, na murna ne ko na tausayin mutanen Gadarif.

Aljihuna bai kai sabuwar mota ba, sai tsohuwa. Kafin ma in fita nema, surukina, tsohon manomi da ke zaune a Doka, ya aiko da saƙo: 'yarsa da jikokinsa ba za su sa ƙafa cikin abin da zan saya ba sai ya gani da idonsa. Uwargida ta ce maganar Baba ita ce magana. To ina amfanin mota in kai kaɗai ne a ciki, iyalinka na biye da kai a raksha, keken haya mai ƙafa uku?

A garinmu ba a tambayar shekarun mota. Tambaya ɗaya ce: ta taɓa zuwa gona? Wai duk wadda ta sha hanyar gonakin Fashaga da buhuna da 'yan ƙwadago, ta gama yawo. Don haka mai saye yakan cusa hannu ƙarƙashin kujera. In ya zaro ƙwayar dawa ko riɗi, ciniki ya mutu.

Dillalin da na samu ya nuna mini wata fara, tana ƙamshin turaren wuta kamar ɗakin amarya.

"Wallahi ya Hajj, ta likita ce. Daga gida sai asibiti. Ko jaki ta gani firgita take."

Na cusa hannu har kafaɗa, na lalube ko'ina, ban samu komai ba sai ciwon baya. Na saya.

Na yanka ragon karama, wato sadakar godiya, maƙwabta suka ci suka yi addu'a. Sannan, don Baba ya same ta fes, na wanke ta ciki da waje, bokiti bayan bokiti, har kujeru suka koyi iyo. Ga damina ta sauka, ga gilashi ɗaya da ya rantse ba zai rufu ba.

Ba a yi mako ba, wata safiya na buɗe ƙofa na ga wani ɗan kore yana gaishe ni daga gindin giya. Na duba jikin ƙofa, ga 'yan'uwansa. Bayan kujera kuwa, jama'a, gona ce sosai, saura kawai a sa mai korar tsuntsaye. Akuyar maƙwabcinmu ta daina zuwa kiwo, ta tare a ƙofar gidana.

Uwargida ta leƙa ta ce, "Malam, likitan nan naka na dawa ne?"

Kullum kafin rana ta ɗaga ina durƙushe ina cira. Ni da na gudo kasuwa don tsoron fartanya, ga ni ina noma a cikin mota.

Ranar Juma'a Baba ya iso. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can. Ina ta zuba: ta likita ce, Baba, ba ta san ƙasa ba. Ya buɗe baya, ya ɗaga tayar ajiya, wurin da ban taɓa tunawa da shi ba. Ga tsiro nan cunkus, fari-fari don rashin rana.

Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na fara lissafin wanda zan ƙaƙaba wa motar.

"Ta je gona," in ji shi.

"Baba, wallahi dillalin ne…"

"Alhamdu lillahi! Tun daga Doka gabana ke faɗuwa da wannan likita taka. Motar da ba ta san taɓo ba, ina za ta kai mini jikoki da damina? Wadda ta shiga Fashaga ta fito da ƙafafunta huɗu, ba kai za ka kashe ta ba."

Ya ƙwala wa 'yarsa kira, ta fito da yara suka cika baya, shi ya zauna gaba. Na tayar, na sa giya cikin isa, muka yi baya da gudu har akuya ta tsallake katanga.

Baba ya dafe rawaninsa. "Motar na yarda da ita, ɗana. Kai ne dai ba ka taɓa zuwa gona ba."

Amma bai ce kowa ya sauka ba.