Ƙuri'a Biyu a Layin Tsofaffi

A Batu Lintar shekaru ne ke raba masu zaɓe. Ranar ƙuri'a, tsofaffi suna da ajinsu a makarantar firamare, da akwatinsu, shi ake kira layi na ɗaya. Matasa kuwa can ajin ƙarshe, kusa da famfo. Kowane akwati a ajinsa ake ƙirga shi, a gaban wakilan jam'iyyu. Don haka ba wanda ya san abin da wane ya zaɓa, amma kowa ya san abin da tsofaffi suka zaɓa, kuma washegari da safe ana baje lissafin a shagon kofin Ah Keong.

Zaɓe uku a jere, lissafin layi na ɗaya bai canza kama ba. 'Yan jam'iyyar shuɗi su kwashe kaso mafi tsoka, 'yan ja su biyo baya, sai ƙaramar jam'iyyar nan mai alamar fitilar ƙwai ta tashi da ƙuri'a biyu. Guda ɗaya ba a ɓoye take ba, ta Pak Lazim ce, domin shi da bakinsa yake shela. Ta biyun kuwa, shi dai ya san ta matarsa ce, Mak Senah.

Pak Lazim ya yi ƙuruciyarsa a kamfanin haƙar kuza. Da kamfanin ya rufe, sai ya share wani fili a bakin tsohon ramin haƙa, ya shuka rogo da masara, ya zuba kifi a ruwan. Filin ba shi da takarda. 'Yan shuɗi suka yi masa alkawarinta, ya zaɓe su har ya gaji. 'Yan ja suka ce su za su ba shi, ya gwada su, suka hau mulkin jiha suka sauka, takarda ba ta zo ba. Ranar da katafila ta zo ture gonakin bakin ramin, wata likita 'yar fitila ce ta zo da lema, ta zauna a gabanta tun hantsi har la'asar. Rabin gonar ya tafi duk da haka. Amma tun daga ranar, in aka ambaci manyan jam'iyyun biyu, Pak Lazim kan ce jirgi ɗaya ya kwaso su, fenti ne kawai ya bambanta.

Bai taɓa tambayar Mak Senah abin da take zaɓa ba. Ina amfanin tambaya, ga lissafi? Yakan ɗauko ta a babur, su fito daga ajin da tawada a yatsa, ya ce, "Mu biyu ne dai, Senah."

Ita kuma ta ce, "Kai dai duba gabanka, kar ka sake jefa mu a kwalbati."

Bara da damina Mak Senah ta rasu. Bana aka kaɗa gangar zaɓe, tutoci suka rufe gadar garin, 'yarsu Rohaya ta taho daga Kuala Lumpur don ta jefa tata ƙuri'ar a gida. Tun ba ta sauke jaka ba ta fara.

"Abah, wancan karon da ɗan kaɗan shuɗi suka ci mazaɓar nan. Da 'yan fitila sun ba ja ƙuri'unsu, da tuni an yi waje da shuɗi."

"A fitar da kura a shigo da damisa?"

"Ni ma ba son jan nake ba! Toshe hanci zan yi in dangwala musu. Amma fitilar nan taka, ko ƙafarka ba ta haskawa."

"Ta haska gonata ranar da ba kowa."

Kwana biyu suna wannan ja-in-ja, a kan tabarma, a kan tukunyar kifi, har a bakin ƙofar masallaci. A ƙarshe Rohaya ta faɗi abin da ba ta yi niyyar faɗa ba. "Da ku biyu ne, Abah. Yanzu Mak ba ta nan. Ƙuri'a ɗaya tal, me za ta yi?"

Pak Lazim ya hango safiyar da za a karanta lissafi a shagon Ah Keong, a ce fitila ɗaya, kowa ya juyo ya dube shi da idon tausayi. Gara a ce babu ko ɗaya. Ranar zaɓe ya shiga aji shi kaɗai, ya daɗe a tsaye a bayan labule har jami'ar ta yi gyaran murya, sannan ya yi wa ja alama. Da ya fito ya ce wa Rohaya, "Na yi miki." Ta sumbaci hannunsa.

Washegari shagon ya cika. Cikgu Ramlan, tsohon malamin makaranta da ke yi wa 'yan ja wakilci a wurin ƙirga, ya gyara tabarau ya fara da layi na ɗaya. Ya faɗi na shuɗi, ya faɗi na ja, sannan ya ɗago kai yana murmushi.

"Fitila, ɗaya."

Shago ya kaure da dariya. "Pak Lazim, kai da fitilarka sai kabari!" in ji Ah Keong, yana tura masa kofi. "Sha wannan, ka ƙara mata kananzir."

Rohaya ba ta yi dariya ba. Ja sun ci mazaɓar da tazara mai faɗi, amma ba wannan ya dame ta ba. A hanyar gida ta ce, "Da ka ce ba za ka yi ba, ai da na haƙura. Ƙaryar ce ta yi mini ciwo." Ya rantse mata ja ya zaɓa, ta kau da kai. Da yamma ta kama hanyar birni.

Shi kuwa wani abu daban ne ya hana shi sakat. Idan shi bai yi ba, Senah kuma tana ƙasa, to wane ne? Wani ya yi shekara da shekaru a bayan labulen nan tare da shi, bai sani ba, kuma yanzu shi Lazim ya gudu ya bar mutumin shi kaɗai. Sai ya shiga kallon tsofaffin garin ɗaya bayan ɗaya. Ya zargi ladan, sai ya tuna hular shuɗi da yake sawa in zai je gona. Ya zargi Ah Keong, ya yi masa tambaya a kaikaice, Ah Keong ya ce shi duk wanda ya sha kofi ya biya, ɗan jam'iyyarsa ne. Har wani kurman tsoho mai gyaran keke sai da ya je ya zauna a wurinsa, ya dawo da faci a tayar da ba ta fashe ba.

Ranar kasuwa ya tsaya wurin Aci Letchumi, wadda ke soya waina a gindin bishiyar mangwaro. Da ita da Senah tare suka yi aikin tsaga itacen roba tun suna 'yan mata. Kullum takan ƙara masa guda a kan abin da ya saya. Ran nan ta ƙirga daidai, ta naɗe, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"Aci, yau babu gyara?"

"Gyara na masu tsayawa ne. Masu gudu su je ja ta ba su."

Ya tsaya da ƙunshin a hannu. "Ke ce?"

"Da wa kake zato? Aljani?" Ta juya wainar da ke kan wuta. "Lokacin da aka sayar da gonar roba aka ce mu tashi daga gidajen ma'aikata, wa ya tsaya mana har kotu? Likitar nan ce. Na ji an ce ɗaya, na san inda na sa tawa. Sai na ce, af, Lazim mai baki ya zame."

"Na ɗauka Senah ce."

Aci Letchumi ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. "Senah? Senah shuɗi take yi tun ranar da ta fara zaɓe. Ta ce su suka gina asibitin da ta haifi Rohaya, kuma ubanta ma su yake yi."

"Me ya hana ta faɗa mini?"

"Ka taɓa tambayarta? Ta ce in ka fito kana cewa mu biyu ne, fuskarka takan yi kamar ta yaro ranar salla. Ta ce in bar ka."

Pak Lazim ya zauna a kan bencin masu saye. Ya daɗe yana kallon yatsansa, inda tawadar ba ta gama fita daga gefen farce ba. Can ya ce, "To ki taimake ni ki gaya wa Rohaya. Tana ganin ƙarya na yi mata."

"Ƙuri'a sirri ce, Lazim. Ka ce mata wani ne, in ta yarda to. Garin nan kuma ya ba ka sunan wanda bai saki fitila ba, sai ka riƙe shi har ka biya aikinsa."

Ya jinjina kai. "Zaɓe mai zuwa ni zan ɗauke ki a babur."

"In muna raye." Ta ɗauki waina ɗaya mai zafi ta jefa masa a cikin ƙunshin. "Amma ka fara gyara birki. Senah ta ba ni labarin kwalbati."