Ranar da Inna ta sauke ni daga jirgi

Ni ɗiyar fari ce, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke yarinyar nan". Ita ma ɗiyar fari ce a wurin Kaka, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, can na tashi, a gungunmu, wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara wajen Ngaski. Zana ɗaya ta raba gidan Kaka da na iyayena, amma kunya ta sa magana tsakaninmu mu uku sai ta yi zagaye kafin ta isa.

Shekarar da aka datse ruwa a Kainji aka ce kowa ya tashi, gungu zai nutse, an gina mana gidaje a tudu. Mutane suka yi ta faɗa da kuka. Kaka ko uffan. Shirun nan ya fara tayar wa Inna hankali, don Kaka mace ce da in akuya ta taɓa mata albasa sai duk gungu ya ji.

Sai Kaka ta ɗauki irin albasarta, wanda ko ni ba ta yarda in taɓa, ta ba maƙwabciya kyauta. Kowa na kwance rufin ɗakinsa don tashi, ita kuwa ta sake daɓe ɗakinta. Kullum da hantsi tana maƙabarta, inda mijinta, Kakana, yake kwance tare da 'ya'yanta da suka rasu suna ƙanana. Inna ba ta da bakin tambayarta, ba ta da bakin tambayata. Sai ta tsuguna gaban murhu ta ce wa tukunya, "Ko wani ya ga tsohuwa ta ɗaure kaya?" Ni kuma in ce wa bango, "Ta ɗaure nawa dai." Da na gaya wa bango cewa ta wanke farin ƙyallen nan na likkafaninta da take ajiyewa a ƙasan tukunya, ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi, sai na ga ludayi ya tsaya a hannun Inna. Ta gane Kaka ba ta da niyyar bin mu, ruwa take jira.

Ranar tashi aka loda jirgi, Baba ya riƙe sandar tuƙi. Kaka ta rako mu bakin ruwa hannu rabbana, ta ɗora ni bisa buhun gero, ta gyara mini ɗankwali.

"Ku tahi," in ji ta. "Ni sai jirgin baya."

Babu wani jirgin baya, kowa ya sani. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta riga shi, amma ba da baki ba. Ta sunkuce ni, matar da ba ta taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba, ta taka cikin ruwa ta dire ni a gaban Kaka.

"Ga ɗiyarki nan, ku zamna tare." Ta koma jirgi ta ce wa Baba, "Tura."

Wallahi ya tura. Na tsala ihu, na ga ruwa yana faɗi tsakanina da uwata, ita ko waiwaye. Kaka ta dube ni, ta dubi jirgin, sai ta ƙwala wa Inna kira da sunanta na yanka, da ƙarfi, har da zagi a kai. Jirgi ya juyo. Kaka ta shiga tana haki, farin ƙyallen ma can ta baro shi.

Ta daɗe a sabon gida, tana tsine wa zafin rufinsa, ta aurar da ni da hannunta. Sunan Inna kuwa bai sake fita bakinta ba. Allah ya jiƙanta.

Bayan rasuwarta na kasa haƙuri na tambayi Inna, "Da ba ta kira ki ba fa? Barina za ki yi?" Na ji haushinta shekaru, na gaya mata haka. Ta kau da kai ta ce, "Ke yarinyar nan, kin cika tone-tone."

Bara ita ma ta tafi, ban samu amsa ba. Abin da na sani, sa'ad da ta dire ni, sai da ta ɓamɓare yatsunta daga hannuna ɗaya bayan ɗaya, kuma shatin farcenta ya kwana biyu a jikina. Ban tuna wani karo da ta ɗauke ni ba sai wannan.