Galan ɗin Inna

Da na gama sakandare, yayata da ke aure a Badagiri, can Legas a bakin teku, ta ce in je in yi mata wata guda. Kakata, wadda muke kira Inna, tana jin labari ta ɗauko galan ɗin man gyaɗa ta wanke shi da toka. Wata ce ta gaya mata a gidan suna a nan Getso wai ruwan teku yana warkar da ciwon gwiwa, ita kuwa ta daɗe tana salla a zaune saboda gwiwa.

"Ki cika shi har wuya," in ji ta. "Kuma na ciki nake so, ban da na baki-baki da kowa ke wanke ƙafa."

"Inna, teku fa ba rijiya ba ce."

"Ke da kika taɓa ganinta, uwar iyayi."

Ranar Lahadin farko Yaya ta kai ni bakin tekun. Ga bishiyoyin kwakwa, ga rumfunan ganye, ga masu gasa kifi. Akwai wani doki da ake hawa don ɗaukar hoto, ramamme, wanda a kasuwar Getso ko jaki ba zai ba shi hanya ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne manyan mutane kwance cikin rana da gangan, alhali ga inuwa. Ruwan kuwa ba shi da ɗaya gefen. Na duba, na sake dubawa, babu.

Yaya ta tsaya cinikin kifi, ni kuma na tuɓe takalmi na nufi ruwa da galan. Na saba ɗiba a dam. Can mace takan shiga har gwiwa, ta kore dattin sama da hannu, ta jira ya kwanta, sannan ta nutsa tulu. Ruwa yana nan inda aka bar shi. Haka na yi. Ina sunkuyawa sai ruwan ya janye, ya bar ni da galan a kan yashi. Na ce to, rowa ce? Na bi shi. Ya sake janyewa, na sake bin sa, har ina jin daɗi zan samo wa Inna na ciki.

Ban ga lokacin da ya dawo ba. Ƙara kawai na ji, sai ga ni ƙafafu a sama. Hijabina ya cika da ruwa ya naɗe mini fuska, yashi yana zamewa a ƙarƙashina, wani abu yana ja na baya kamar an ɗaura mini igiya a ƙugu. Na buɗe baki zan yi salati, gishiri ya cika shi.

Wata mata mai sayar da kifi ce ta shaƙo wuyan hijabin ta jawo ni waje. Tana ta zazzaga mini faɗa da yarensu, ina amai ina cewa na gode. Galan dai ya tafi.

Sauran kwanakin a ɗaki na yi su. Yaya ta ce mijinta zai ɗebo wani, na ce kada wanda ya je wurin nan saboda ni.

A hanyar dawowa na sauka a Gwarzo, na sayi sabon galan da ƙullin gishiri. Na tara ruwan famfo a bayan tasha, na zuba gishirin, na kakkaɓe yashin da ya maƙale a jakata a ciki, na girgiza. Da na isa gida na ce wa Inna galan ɗinta ya fashe a mota tun a hanyar zuwa. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce lallai wannan na ciki ne.

Kwana bakwai tana shafawa, ran na takwas ta yi azahar a tsaye. Labari ya zaga unguwa. Tsofaffi suka riƙa zuwa da 'yan kwalabe, Inna tana tsiyaya musu da murfi, tana ba da labarin jikarta da ta shiga tsakiyar teku.

Watan jiya Yaya ta bugo waya, haihuwa ta matso, in koma in taya ta. Da yamma na tarar Inna ta wanke jarkoki biyu ta kife su a tsakar gida. Ina ganin su na gane ruwan teku take so in sake ɗebo mata. Na shiga ɗakinta na durƙusa na faɗa mata komai, har da famfon bayan tasha, ina kuka.

Ta murza gwiwarta.

"Da kin mutu fa?"

"Da na mutu, Inna."

"Ja'ira." Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, ta rage murya. "Gishirin cokali nawa kika sa?"

"Ban auna ba."

"To zauna ki tuna. Badagiri kuma ki je ki yi wa 'yar'uwarki wankan jego, amma ko kallon ruwan nan kika yi ban yafe ba. Jarkokin ki bar su a nan. Ranar da kika dawo sai mu cika su."