Sunan da Za a Sa a Kan Shafin Ɗana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana, ɗan kokowar da Dakoro ta sani da suna Ajuji. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi da kaka, ana cikin yankan hatsi. Allah ya jiƙansa.

Sunan yankansa Abdul'azizu, shi ne kuma a takardar haihuwarsa. Amma kafin shi na binne 'ya'ya uku. Da aka haife shi sai uwar mijina ta naɗe shi a tsumma, ta kai shi bayan gida ta ajiye kan juji, wai mutuwa ta ga ba mu damu da shi ba ta wuce. Ni na je na ɗauko shi. Tun ranar sunan ya bi shi, har filin kokowa, har bakin makaɗa.

Bana ƙanwarsa Rabi, mai karatu a Maradi, ta rubuta tarihinsa a kundin sani na intanet, inda kowa ke iya karantawa da Hausa. Ta karanta mini a waya, na yi kuka. Amma da na ga kan shafin, da 'yan haruffan da na koya a yaƙi da jahilci, sai na harhaɗa sunan. Ajuji aka rubuta.

Na ce, "Rabi, duniya za ki gaya wa na jefar da ɗana a shara?"

Ta ce, "Inna, ƙa'idarsu ke nan. Sunan da mutane suka sani shi ake sawa a sama, na takarda ya biyo a ciki."

Na ƙi. Malamai yanzu suna cewa abin camfi ne, ni kuma ina zuwa wa'azi, ina jin kunyar matan unguwa. Rabi ta yi ta gardama da masu gyaran kundin har aka mayar da shi Abdul'azizu.

Ranar kasuwa sai ga wani tsohon ɗan kokowa daga Bader Goula, wanda suka sha karawa da ɗana, ya shigo gaisuwa. Ashe ɗansa ya buɗe masa shafin a waya. Ya ce, "Uwar Ajuji, wane ne wannan Abdul'azizu? Ni dai wanda ya kai ni ƙasa ba shi ba ne." Ya yi dariya. Ni ban iya ɗaga kai ba.

Da ɗana yana raye me zai ce? Shi da yake buga ƙirji a fili yana kirari da jujin nan, bai taɓa jin nauyinsa ba. Ni ce na ji, bayan ba ya nan balle ya kare kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsoro ne ya kai mu jujin, tsoron uwa mai kabari uku, Allah ya yafe mana.

Abdul'azizu nawa ne, da shi nake yi masa addu'a. Ajuji na mutane ne, da ƙarfinsa ya wanke shi. Jiya na kira Rabi na ce ta koma wajen mutanen nan ta ba su haƙuri, a mayar masa da sunansa Ajuji.