Malam Nu'uman, Wanda Ya Koya Wa Kwamfuta Jiran Wata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, uku ga Muharram 1446, wato 9 ga Yuli 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Nu'uman na Ƙofar 'Yandaka, malaminmu na rubuta manhaja. Mun kai shi makwancinsa bayan La'asar.

Malam, kai ka koya mana yaren C++ a wata cibiyar kwamfuta da ba zan ambaci sunanta ba, don ba ta cancanta ba. Wanda ba shi da kwamfuta, taka kake miƙa masa, ka koma gefe kana jan carbi har ya gama. Ni kaina sau nawa ka goyo ni a babur ɗinka zuwa Gobarau, kana yi mini tsiya wai kaina kamar dutsen niƙa, sai an juya an sake juyawa.

Darasin da ka fi so shi ne na alamar ++. Aikinta ƙara ɗaya a kan lamba, amma ka nuna mana cewa idan mutum ya ƙera aji nasa, wato nasa sabon rukunin bayanai a cikin manhaja, yana iya ɗora wa alamar sabon aiki. A gabanmu ka ƙera ajin kwanan watan Musulunci, ka sa ++ ta riƙa matsawa zuwa gobe. Idan ta kai ashirin da tara sai ta cije, ba ta shiga sabon wata sai an shaida mata an ga jinjiri. Ka ce mu a nan ba lissafi ke tsayar mana da wata ba, ido ne.

Sai Sada, abokin aikinka da kake cin tuwo kwano ɗaya da shi, ya kwashi aikin ya goge sunanka, ya fitar da manhajar waya da sunansa. Ya sha tafi, ya zama shugaban cibiya. Da ya ga alamar tana cijewa sai ya ɗauka kuskure ne, ya cire jiran. Ƙarshen azumi manhajar ta sanar da Sallah alhali ba a ga wata ba, wasu bayin Allah suka karya kumallo da safe. Da gari ya ɗauki zafi, a ranar Sada ya tuna da kai. Ya ce ai Nu'uman ne ya rubuta wannan ɓangaren. Aka sallame ka, yara suna nuna ka a hanya suna cewa ga wanda ya karya wa mutane azumi. Da wannan tabon ka kwanta ciwo, da shi ka tafi.

Ka hana mu magana, ka ce a bar wa Allah. Mun bi umarninka kana raye, kuma wallahi ya yi mana ɗaci.

Ranar sadakar uku sai ga Sada da babbar riga, yana matsar ido, wai ya zo neman gafara. Hajiya Baraka, mai ɗakinka, ta amsa masa daga bayan labule:

"Wanda zai yafe maka mun kai shi shekaranjiya. Ka bi shi can."

Ni ma ban yafe ba, Malam. Mu ɗalibanka da muka ga ka rubuta aikin nan da hannunka mun yi alkawari. Duk taron da Sada zai tashi ya yi jawabi, ɗayanmu zai miƙe ya faɗi wanda ya gina da wanda ya ɓata, har sai ya wanke sunanka da bakinsa a bainar jama'a.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Baraka da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri. Shi kuwa Sada, Allah Ya isa. Ina roƙa masa tsawon rai, har ya ji wannan labari a bakin jikokinsa.

Mustapha Iro, Gobarau, Katsina