Ni Na Goge Muryar Bukar

Kafin in zama ɓarawo, mai turi ne ni. Ina da ɗan shago a Yakasai, da tsohuwar kwamfuta da lasifikar da ta hana maƙwabta sakat. Ka kawo wayarka in tura maka waƙa ko wa'azi ko karatun Alƙur'ani, ka biya ka yi gaba. Sana'ar tana ciyar da ni, har cefanen gidanmu ni nake yi. Saboda haka kada wani ya ce talauci ne ya kai ni gidan yari. Da ƙafata na kai kaina.

Ku samarin da kuke ce wa masu kutse gwanaye, da ku nake. Haushinku nake ji, domin fuskata ta da nake gani a taku.

Da manyan wayoyi suka cika gari, sai aikina ya ƙaru. Duk wanda ya sayi sabuwa, wurina zai zo in buɗe masa imel, in haɗa shi da ma'ajiyar intanet, wadda muke ce wa kilawud. Abin yana da amfani, ba zan ɓoye ba. A ƙwace maka waya, ko ta faɗa kwata, hotunanka da waƙoƙinka da lambobin mutanenka suna can lafiya lau. Sai dai a cikin gari mun saba da ajiya. Mutum zai bar makullin gidansa wurin mai shago ya tafi kasuwa, hankalinsa kwance. Haka suka ɗauki lambar sirri. In na ce, “Alhaji, me za a sa?” sai ya ce, “Kai dai sa abin da ka ga dama, ka riƙe mana.” Ban ga wanda ya taɓa canzawa ba.

Leƙe na fara da shi. In shiga in kalli hotunan bikin matan mutane, waɗanda aka ɗauka a cikin gida ba mayafi, in yi dariya in fita. Daga nan na lura mutane suna ɗaukar hoton katin shaida da na banki su ajiye. Ƙarshe na ƙware a mugunta: in canza lambar sirrin mutum, in aika masa saƙo da wani layi a matsayin baƙo, in ce ya biya ko in watsa abin da na gani. Wa zai rugo wa da kuka? Ni. In haɗa rai in ce zan shiga tsakani, in karɓi kuɗin, ya tafi yana sa min albarka.

Akwai wata dattijuwa a Koki, Hajiya Falmata, asalinsu mutanen Barno ne. Ɗanta guda, Bukar, mai bege ne, yana yabon Manzon Allah da wata irin murya mai sa tsikar jiki ta tashi. Bai taɓa shiga sitidiyo ba, a wayarsa yake naɗar komai, kuma ni na buɗe masa ma'ajiya. Ya rasu a hatsarin mota, wayar ta yi rugu-rugu. Bayan sadakar bakwai Hajiya ta zo shagona da kanta, ta ce, “Ɗan nan, an ce wai muryarsa tana wani wuri. Da gaske ne?”

Na shiga na kunna mata. Ta zauna a kan bencina tana kuka, masu wucewa suna tsayawa. Tun daga ranar, duk Juma'a sai ta aiko min da burabusko. Na haɗa ma'ajiyar da wayarta, amma ban sauke mata waƙoƙin a memori ba, alhali aikin ɗan lokaci ne. Na fi son ta riƙa zuwa sayen data a wurina. Kun ji irin mutumin da nake.

Cikin waɗanda na yi wa barazana, wani tela a Sheshe ne ya ƙi biya, ya kai ƙara. Ran nan da azahar aka raɗa min cewa 'yan sanda suna tambayar wanda ya buɗe masa imel. Na ja ƙofar shago, na hau goge duk ma'ajiyar da na taɓa buɗewa, don kada a ga sawuna. Ina cikin yi na iso ta Bukar. Ban taɓa cutarsa ba, babu abin da zai kama ni a ciki. Na ga sunan, na san abin da ke ciki, na san babu shi a ko'ina a duniya. Tsoro ya ce min kada in bar komai. Na danna, na bi kwandon sharar ma'ajiyar na share shi ma.

Duk a banza. Wayata ni ma tana kwashe komai tana kai wa tawa ma'ajiyar, har saƙonnin barazanar, ni gwani ban tuna ba. Da su aka karanta min laifina a kotu.

Na yi shekaru a ɗaure. Ba zan ba ku labarin kwarkwata da gabza don ku tausaya min ba, na cancanci fiye da haka. Mahaifiyata ta daina zuwa biki da suna saboda nuni da baki. A can na koyi ɗinkin takalmi, na koma ga Allah, na roƙi gafararSa.

Da aka sake ni na bi gidajen da na cuta. Wasu sun yafe, wasu sun tofa min yawu, telan nan ya rufe ƙofa a fuskata. Koki na bari ƙarshe. Na tarar da Hajiya a soro a kan tabarma, idonta ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi sunana.

Ta ce, “Na gane muryarka. Taka tana nan ai.”

Na ce, “Hajiya, ki yafe min don girman Allah.”

“An ce min muryar Bukar ba ta dawowa. Kai ka sani, faɗa min gaskiya.”

“Ba ta dawowa, Hajiya.”

Sai ta ce, “Baitocin ina riƙe da su. Muryar ce ta fara ɓace min, in na rufe ido sai in ji ta wani daban. Mota ta ɗauke shi na ce ƙaddara. Kai kuma me ya yi maka? Tashi ka ba ni wuri. Ban yafe ba.”

Na tashi na fita.

To, ku saurara. Ku ajiye kayanku a intanet in kuna so, amma lambar sirri ba makullin da ake bari a shago ba ne. Ku sa da hannunku, wadda wani ya sa muku ku canza ta yau. Hoton da ba ku son kowa ya gani, kada ku ɗauka. Abin da ba ku da kamarsa, ku ajiye shi wuri biyu. Kai kuma mai wayo, da aka miƙa maka waya aka juya baya, kada ka leƙa. Ni ma leƙe kawai na ce zan yi.

Na gama wa'adin alƙali tuni. Amma duk Juma'a, in na ji masu bege sun ɗauka a masallacin unguwa, sai in ajiye allura in kasa ɗinki. Na san akwai tsohuwar da take kasa kunne a Koki, tana laluben muryar da ni na goge.