Kunnen Baffa Mai Gyaran Talabijin

A Bukan Sidi, duk wanda talabijin ɗinsa ta lalace, shagon Baffa ake nuna masa. Shekara arba'in da biyu yana wannan aiki. Wurin wani mutumin Binuwai, Oga Raymond, ya koya, tun ana hoto baƙi da fari. Raymond bai bar masa kayan aiki ba, kunne ya bar masa. Ya koya masa cewa talabijin mai kwalba, irin mai ƙeyar nan, da an kunna ta, akwai siririn kuka da take yi kamar na sauro. In ka ji shi, babbar wuta na tashi, ciwon ƙarami ne. In ba ka ji ba, transfoma ta mutu.

Da wannan kunne Baffa ya ci abinci, ya gina ɗaki uku, ya aurar da 'ya'ya huɗu. Ba ya kwance talabijin sai ya saurare ta. Da sababbin nan marasa ƙeya suka cika gari, aiki ya ja baya, shi kuma bai koyi gyaransu ba. Matarsa Lauratu ta rasu, ya ci gaba da buɗe shago ƙarfe takwas, don bai san wani wurin zama ba.

Wata Talata da hantsi, Hembadoon, mai sayar da doya daga Azuba, ta kawo wata 'yar ƙaramar talabijin mai maɗauki a sama, irin wadda ke aiki da batirin mota.

"Baba, na mamana ne. Magana yana fita, hoto babu. Ita kuma ta ce ba ta son sabo."

Baffa ya jona, ya kunna, ya kara kunne. Ya daɗe a haka.

"Transfoma ta mutu, 'yata. Ba a samun irinta yanzu. Ki ba tsohuwa haƙuri."

"To, Baba, kashe shi mana. Wannan kukan yana shiga mini kai."

"Wane kuka?"

"Wannan fiii ɗin. Tun ɗazu fa. Ko sauro kake kiwo a shago?"

Bai yi dariya ba. Ya sake kara kunnen dama, ya juya na hagu. Bai ji kukan ba. Sai ya kai bayan hannunsa kusa da gilashin, gashin hannun ya miƙe. Ashe babbar wuta na nan, transfoma ba ta mutu ba.

Ya kashe, ya kwance murfin baya. Soket ɗin wuyan kwalba ne ya saki, ya yi tsatsa. Ya kankare, ya danna, ya kunna. Hoto ya fito. Aikin bai kai minti biyar ba.

"Ka ga! Ashe matacce yana tashi," in ji Hembadoon. Ta naɗe abinta a zane ta tafi.

Baffa ya zauna. Ransa bai ɓaci ba, bai ji komai ba. Ya dubi ƙuryar shago, inda talabijin tara ke jibge, waɗanda ya ce wa masu su sun mutu cikin shekara biyun nan, suka bar masa su suka tafi.

Ya tashi ya sauko da ta sama, ya hure ƙurar, ya jona. Bai kara kunne ba. Ya naɗe hannun riga, ya kai bayan hannunsa.

Gashin ya miƙe.

Ya ajiye ta gefe, ya sauko da ta biyu.